DAINA SAYEN TOCILA DON KAWAI TA KASHE MAKA IDO A KASUWA

Yau faɗa na zo yi, kuma da ku zan yi shi. Wanda ya ji na taka masa ƙafa ya yi haƙuri, amma ya daure ya karanta har ƙarshe, saboda kuɗinsa nake so in tsare masa.

A ƙarƙashin teburin da nake gyaran waya akwai wani kwalin taliya. Ba wayoyi ne a ciki ba, matattun tociloli ne. Kun san halin mutanenmu, duk abin da ake sa wa caji wajen mai gyaran waya ake kawo shi. Mai gadi ya kawo tasa, mai shayi ya kawo, bakanike ya kawo, ɗan sintiri ya kawo, har masu ban ruwa a fadama. Maganarsu iri ɗaya ce: "Malam, wallahi ko wata uku ba ta yi ba." In na buɗe na gaya musu gaskiya cewa kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sabuwa, sai su bar mini ita su tafi. Washegari kuma ka gan su da sabuwa, irin waccan sak, daga hannun mai tallan da ya sayar musu da ta farko.

Abin da ke ba ni haushi kenan. Ban cika ganin laifin kamfanin da ya ƙera ba, don shi abin da kasuwa ke so yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne muka tsaga bangon. Yadda muke sayen tocila shi ne: a kunna, a haska mana a fuska da rana tsaka, in ta kashe mana ido mu ce "kai, wannan ta yi," mu biya. Ba mai tambayar wane batir ne a ciki. Ba mai tambayar ko za a iya canza shi in ya mutu. Ba mai tambayar awa nawa hasken zai tsaya a haka.

Ga wanda yake aiki da dare, tocila kayan aiki ce kamar sifana, kamar fartanya. Kayan aiki kuwa ranar da ka matsu ake gane shi, ba ranar da ka saya ba.

WAYARKA BA TOCILAR AIKI BA CE

Bari in fara da ku masu cewa "ni ina da tocila a waya, me zan yi da wata?"

In makulli ne ya faɗi a tsakar gida, ko za ka duba takalminka a ƙofar masallaci da asuba, to ba laifi, don haka aka sa ta. Amma ka ɗauki waya ka cusa a baki, ka shiga ƙarƙashin mota? Ko ka jingina ta a jikin buta kana gyaran janareta? Haba malam.

Wani bakanike ya taɓa kawo mini wayarsa sau biyu cikin wata ɗaya. Na farko ta suɓuce daga bakinsa ta faɗa kan kankare, sikirin ya tashi. Na biyu ta faɗa cikin tasar baƙin mai. Kuɗin da ya biya ni na sikirin kaɗai ya isa ya sayi tocilar goshi mai kyau har da canji. Na gaya masa haka, ya yi dariya ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma wayar ai ba ita ta kai kanta baki ba.

Ƙwan da ke bayan waya don ɗaukar hoto aka yi shi. Haskensa kaɗan ne, a warwatse yake, ba ya tafiya nesa. In ka bar shi a kunne ya daɗe, bayan wayar zai ɗau zafi, zafi kuma shi ne babban abokin gabar batir. Sannan ga wannan: in cajin ya ƙare, abu biyu ka rasa lokaci guda, haske da hanyar kiran wani ya kawo maka ɗauki. Ka yi tunanin kana gona da dare a wurin da ake samun kububuwa, irin yankin Kaltungo da har asibiti na musamman aka yi saboda saran maciji. Wane mai hankali ne zai ɗora haskensa da kiransa a kan batir ɗaya?

ƘARYAR DA KE JIKIN KWALI

Yanzu mu zo kan lambobin nan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Don ka samu abin kwatance, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda muka taso muna gani a ɗakuna, yana ba da kusan lumen 800. Shi kenan, ɗaki guda yake haskawa.

To sai ka ga 'yar tocila da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, an rubuta mata lumen 100,000. Wata ma 990,000. Mu yi lissafi tare, ba sai ka je jami'a ba.

Ƙwan LED na tocila, in an yi masa adalci, yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Kenan don a samu lumen 100,000 ana buƙatar wuta kusan wat 700 zuwa 1,000. Wannan fa cin wutar dutsen guga ne. Batir ɗaya na gaske da ake sa wa irin waɗannan tociloli abin da yake ɗauke da shi bai wuce ya ba da wat 11 ko 12 na tsawon awa ɗaya ba. In da gaske tocilar na ba da wannan hasken, minti ɗaya ma da ƙyar batirin zai kai, kuma kafin nan robar ta narke a hannunka.

Ga lissafin gaskiya da za ka riƙe a kai. Da batir ɗaya mai kyau, lumen 1,000 zai ba ka kusan awa ɗaya. Lumen 100 zai ba ka kusan awa goma. Duk wanda ya ce maka tocilarsa na ba da dubban lumen kuma tana kwana a kunne, ɗaya daga cikin biyun ƙarya ce, sau da yawa ma duka biyun.

Ko tocilar gaske ta babban kamfani da aka rubuta wa lumen 2,000, ba ta daɗewa a kan wannan matakin. Bayan 'yan mintuna za ta rage da kanta saboda zafi, don kada ƙwan ya ƙone. Akwai wata ƙa'idar gwaji da aka fito da ita a Amurka a 2009, ana kiranta FL1, za ka ga tambarinta a kwalin kamfanonin da suka san abin da suke yi. Ko a wannan ƙa'idar, in an rubuta "awa 5", ana nufin lokacin da hasken zai ɗauka kafin ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ka ga ko masu gaskiyar ma sai ka iya karanta maganarsu, balle waɗanda ba su gwada komai ba.

Kuma wai me za ka yi da wannan hasken duka? Aikin hannu a gabanka, kamar ɗaure waya, duba inji, ɗinki, yankan nama, lumen 50 zuwa 150 ya wadatar. Tafiya a hanya ko zagayen gida, 200 zuwa 300. Mai gadi da ɗan sintiri ne ke buƙatar 500 zuwa 1,000, shi ma na ɗan lokaci, in sun ji motsi. Haske mai yawa a kan abu na kusa dawo maka yake yi a ido, ka kasa ganin abin da kake nema.

BATIRIN BOGI

Zuciyar tocila batir ne, a nan kuma aka fi cutar mu.

Batirin da ya fi yawa a tociloli masu caji shi ne 18650. Sunan daga girmansa ya fito: faɗi milimita 18, tsawo milimita 65. Irinsa ne a cikin tsofaffin batiran laftof da fawa bank da yawa. Yana aiki a kan 3.7V, in ya cika yana kaiwa 4.2V. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi su ne Samsung, LG, Panasonic, Murata da Molicel, kuma mafi ƙarfin da suke fitarwa a wannan girman yana tsayawa ne wajen 3,500mAh.

Ka sake karanta wannan lambar. Manyan kamfanonin duniya, da duk injiniyoyinsu, a nan suka tsaya. Sai ga wani batir mai jar riga ko shuɗiya, babu sunan kamfanin kirki, an rubuta masa 8,800mAh ko 9,900mAh, ana sayar da shi kuɗin lemon kwalba biyu. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Na taɓa yanka irinsa don in gani da idona. Ɗan ƙaramin batir na tarar a ciki, sauran wurin kuma an cike shi da wani gari don ya yi nauyi. Kada ka gwada yankawa a gida, yana iya kamawa da wuta. Ga hanya mai sauƙi: ka ɗora shi a kan ƙaramin sikeli. Na gaske yana kai giram 45 ko sama kaɗan. In ka ga 30 ko ƙasa da haka, mayar masa da kayansa.

MAI ƘAFA BIYU DA AKE CUSAWA A BANGO

Rabin kwalin nan nawa irin waɗannan ne: tocilar roba mai ƙafa biyu da ake zarowa a cusa a soket kai tsaye. Ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa, kuma ba tsautsayi ba ne, haka aka gina ta.

Yawancinsu batirin da ke ciki ɗan ƙaramin batirin dalma ne mai 4V, ƙanin batirin mota. Irin wannan batir ba ya son abu biyu: a bar shi babu caji ya daɗe, ko a bar shi a wuta bayan ya cika. Mu kuma duka biyun muke yi masa. Wuta ta yi kwana uku ba ta zo ba, yana kwance babu caji. Ran da aka kawo, a cusa shi a manta da shi har gobe. A ciki kuma babu abin da ke yanke caji in ya cika. Kafasita ɗaya ce da 'yan diyod, wuta na ta shiga har batirin ya bushe. Jar fitilar nan da kake gani ba ta san ko ya cika ko bai cika ba, ita dai tana nuna maka akwai wuta a soket.

In kuma yaro ya kunna ta tana jikin bango, ko janareta ya turo wuta da ƙarfi, sai ƙwayayen su ƙone nan take. Kada kuma ka kuskura ka buɗe ta tana jikin soket, domin babu abin da ya raba cikinta da wutar NEPA.

Wannan ba tocilar aiki ba ce. In za ka ajiye ta don shiga banɗaki ko don yara, to. Amma kada ka ɗora tsaron dukiyar mutane ko lafiyar ƙafarka a kanta.

ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA BIYA

1. Batirin yana fita? Wannan ita ce tambaya ta farko, ta fi duk sauran. Kowane batir mutuwa zai yi, na lithium yakan fara rauni bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar. Ƙwan LED kuwa yana iya shekaru yana aiki. In batirin a manne yake a ciki, ranar da ya mutu tocilar ta mutu. In yana fita, ka canza shi ka ci gaba, kuma kana iya riƙe na biyu a aljihu. Ka nemi mai cin 18650, ko babban yayansa 21700 mai kai wa 5,000mAh, ko mai cin AA da za ka samu a kowane kanti ko a ƙauye.

2. Jikin ƙarfe ne ko roba? Alminiyam ya fi, saboda yana jure faɗuwa kuma yana janye zafi daga ƙwan. LED zafi ne ke kashe shi a hankali. Roba mai kauri ba laifi ga ƙaramar tocilar goshi, amma robar da in ka matsa ta kake jin tana ƙara, bar ta.

3. Kwance murfin baya ka duba. Akwai zoben roba a wurin? Shi ke hana ruwa da ƙura shiga. Murfin yana murɗuwa sumul ko yana cijewa? Akwai sifirin mai ƙarfi da ke riƙe batir? Ka kunna ta ka ɗan buga a tafin hannunka. In hasken ya ƙifta, to a wurin aiki ma haka za ta yi maka.

4. Karanta lambar IP. IPX4 na nufin tana jure fantsamar ruwa da yayyafi. IPX7 na nufin za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. In ka ga IP67 ko IP68, lambar 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga, mu kuma da muke da hunturu wannan ya shafe mu ƙwarai. In kwali ya ce ruwa ba ya shiga amma babu lamba, magana ce kawai. In akwai lamba amma babu zoben roba, lambar ma magana ce.

5. Guji mai zuƙowa. Na san ita ce ta fi burge mutane, a ja kanta gaba hasken ya tsuke ya tafi can nesa, a dawo da shi ya baje. Amma duk lokacin da ka ja ka mayar, kamar famfon keke take yi, tana zuƙo iska da ƙura da danshi zuwa ciki. Kuma in ka tsuke hasken, wani kaso mai yawa a cikin kan tocilar yake ɓacewa.

6. Matakan haske. Kana buƙatar ƙarami, matsakaici da babba. Abin takaici, masu arahar nan sai ka bi ta babba, ƙarami, sannan mai walƙiya kamar motar 'yan sanda kafin ta mutu. Kullum sai ka danna makunni sau huɗu, makunnin kuma shi ne abu na biyu da ke fara lalacewa bayan batir. Ka nemi wadda dannawa ɗaya ke kashe ta, kuma take tuna matakin da ka bar ta.

7. Hasken yana tsayawa? Tocila mai kyau tana da ɗan fanel a ciki da ke daidaita wuta, hasken ya tsaya yadda yake har batir ya kusa ƙarewa. Marar kyau daga batir take sha kai tsaye, shi ya sa take kashe ido a minti goman farko, bayan awa ɗaya ta koma kamar aci-balbal. Ka sa ta a ƙaramin mataki, ka kaɗa yatsunka da sauri a gabanta ko ka duba ta kyamarar waya. In ka ga layi-layi, tana ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, kuma irin wannan na gajiyar da ido in aiki ya yi tsawo.

8. Launin haske. Fari mai shuɗi-shuɗi, wanda ake rubuta wa 6500K, shi ya fi kama da mai ƙarfi a ido, amma yana wanke launin abubuwa, kuma cikin ƙurar hunturu dawo maka yake yi. Mai 4000K zuwa 5000K ya fi daɗin aiki. In aikinka na bambance launi ne, kamar mai wayarin da ke raba jar waya da ruwan ƙasa, ko ma'aikaciyar jinya da ke duba ciwo, ka nemi wadda aka rubuta wa CRI 90 ko sama.

9. Wurin caji. Type-C ya fi tsohon ƙaramin bakin nan ƙarko. Amma ga wani sirri daga teburin gyara: wasu masu arahar suna da bakin Type-C, sai dai an ƙi sa musu wasu 'yan resista biyu masu 5.1k. Sakamakon haka, in ka sa kebul mai Type-C a kai biyu ba za ta yi caji ba, sai da kebul mai babban kai irin na da. Mutane da yawa sun kawo mini suna cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Ka gwada da cajarka a gaban mai kaya.

IN DA HANNU BIYU KAKE AIKI, SAYI TA GOSHI

Ban san dalilin da ya sa wasu ke jin kunyar ɗaura tocila a goshi ba, wai sai ka ce maharbi. To maharbin ya fi ka wayo, don ya san hannunsa biyu yake buƙata. Bakanike, mai wayarin, mai gyaran famfo, mai tsire, mai ɗinki, manomin rani, mu masu gyaran waya in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, duk ta goshi ce tamu. Inda ka juya kai nan haske yake.

A nan abin dubawa ya ɗan bambanta. Kada ka nemi mai tafiya nesa, ka nemi mai baje haske daidai, babu wani farin tabo a tsakiya. Ka duba maƙalar da ke sa ta sunkuya ƙasa, domin nan ne ke fara karyewa. Ka duba ko madaurin yana cirewa a wanke, saboda gumi na cinye shi. In mai 18650 ce tana da ɗan nauyi, don haka ka nemi mai madauri na uku da ke bi ta tsakiyar kai. Manyan nan masu ƙwai uku ko biyar a gaba kamar fitilar tirela, nauyi ne kawai da ciwon wuya.

Masu cin ƙananan batir AAA guda uku ba su da nauyi, amma batir 18650 ɗaya ya ninka ukun nan ƙarfi, ga kuɗin saye kullum. Wadda na fi so ita ce mai siffar sandar ƙarfe da ƙwan a gefe. Tana cirewa daga madauri ta zama ta hannu, wasu kuma da maganaɗisu a gindi, ka manna ta a jikin bonet ko ƙofar ƙarfe. Da damina kuma, in tana da jan haske ka yi amfani da shi, ƙwari ba sa rububinsa kamar fari. Sannan don Allah, in za ka yi wa mutum magana ka sunkuyar da ita. Ba ladabi ba ne ka haske fuskar dattijo kana gaishe shi.

"AI TALAKA BA SHI DA KUƊIN MAI TSADA"

Na san wannan ce amsar da za ta fi yawa, kuma ban raina ta ba. Ni ma ba ɗan mai kuɗi ba ne, na san yadda ake ji in an taya maka abu ka lissafa kwanon masara nawa ne.

Amma ka yi lissafin da kanka. Tocila nawa ka saya daga bara zuwa yau? Huɗu? Biyar? Haɗa kuɗinsu. Ƙara da batiran da ka saya. Ƙara da daren da ta mutu maka a tsakiyar aiki. Talaka ne ma bai kamata ya sayi abu ɗaya sau biyar ba. Mai kuɗi in tasa ta mutu ko a jikinsa, kai ne za ka ji.

Kuma ban ce sai ka sayi Petzl ta Faransa ko Ledlenser ta Jamus ko Streamlight ta Amurka ba. Masu cewa "ai kayan Chaina ne" su ma su gyara magana. Fenix, Nitecore da Olight duk 'yan Chaina ne, kuma duniya ta yarda da su. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi irin su Convoy, Sofirn da Wurkkos, su ma daga can, jikin alminiyam, batir mai fita. Chaina tana ƙera mai kyau tana ƙera marar kyau. Ɗan kasuwarmu ne ke zuwa ya ce a ba shi mafi araha, saboda ya san mu haske kawai muke dubawa. Ba talla nake yi wa kowa ba, ba wanda ya ba ni ko sisi, kuma ko waɗannan sunayen ana buga na bogi, don haka duba tara ɗin can na sama ya fi sunan da ke jiki muhimmanci.

In kuɗin bai kai ba yanzu, ka sayi ƙaramar mai cin AA ɗaya mai jikin ƙarfe, ka haɗa da batir mai caji irin Eneloop. Ba za ta kashe wa kowa ido ba, amma za ta yi maka shekaru.

IN KA SAYA, KA RIƘE TA DA KYAU

Batirin lithium ba abin wasa ba ne. Kada ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa zai iya kamawa da wuta a jikinka. In rigarsa ta yage, a sake masa riga ko a daina amfani da shi. Kada ka bar shi a mota cikin rana, kada ka yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo. Masu ciro batir daga tsohuwar laftof, ku auna da mita: wanda ya sauka ƙasa da 2.5V, ko yake zafi in ana caji, ba na amfani ba ne.

In za ka ajiye tocila ta daɗe, ka ɗan kwance murfin baya kaɗan ko ka cire batirin, domin wasu suna shan wuta ko a kashe suke. Batirin da ba na caji ba kuwa kada ka bar shi a ciki, in ya tsufa yana zubar da ruwa ya cinye sifirin. Lokaci-lokaci ka goge wurin murɗa murfin, ka shafa wa zoben robar ɗan man silikon.

'Yan uwana masu sayarwa, ku ma ku ji tsoron Allah. In mutum ya ce maka gadi yake yi, kada ka miƙa masa abin da ka san ba zai kai wata biyu ba. Ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa mai kyau ko da ta fi tsada, zaɓi ya rage nasa.

Kai kuma mai saye, daga yau in mai kaya ya ɗaga tocila zai haska maka a fuska, ka ce masa ya dakata. Ka ce ya kwance murfin baya ya nuna maka batirin. In ya ce ba ya buɗuwa, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

Wanda yake da tocilar da ta haura shekara biyu tana aiki, ya faɗa mana irinta da aikin da yake yi da ita, don wasu su amfana. Ka kuma tura wa duk wani bakanike ko mai gadi da ka sani, musamman wanda har yanzu yake cusa waya a baki. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu sa'ar sana'o'inmu.